Baƙar bazawara: gizo-gizon da cizonsa ba ya barin rauni amma yake ɗaure ciki

Wanda baƙar bazawara ta ciza sau da yawa bai san ma an cije shi ba. Abin da zai ji bai wuce sukar tsinin allura ba, ya duba wurin ya ga ɗan ja kaɗan, wani lokaci da ɗigo biyu ƙanana kusa da juna, ya ci gaba da aikinsa. Bayan minti 15 zuwa sa'a guda sai zogi ya fara hawa daga wurin zuwa hammata ko matsematsi, kamar kaluluwa za ta fito. Daga nan ya wuce baya da ciki. Kafin a ankara mutum yana birgima, gumi na zuba, cikinsa ya ƙame kamar katako. A nan ne mutane da yawa suke ɓata lissafi, domin ido yana kan cikin, babu wanda ya tuna da ɗan ɗigon da ke kan yatsa.

Sunan fassara ce ta abin da masu jin Ingilishi suke kiranta, black widow. A wajen masana kuwa sunan zuriyar Latrodectus, wanda masanin ƙwari na Faransa Walckenaer ya raɗa a 1805, kuma akwai nau'i sama da 30 a ƙarƙashinsa, a kowace nahiya ban da Antatika. Macen ce abin tsoro. Jikinta, ban da ƙafafu, milimita 8 zuwa 13 ne, cikinta a dunƙule yake kamar maɓallin riga, baƙi wuluk mai sheƙi, ƙafafunta sirara dogaye. Namijin bai kai rabinta ba, launinsa ya fi haske, kuma fiƙoƙinsa sun yi ƙanƙanta da za su zuba wa mutum dafin da zai dame shi.

Alamar da ta yi suna da ita tana ƙarƙashin cikinta: jan tambari mai faɗi sama da ƙasa, tsukakke a tsakiya, sak siffar kalangu. Da yake tana rataye ne a saƙarta ciki sama, baya ƙasa, tambarin shi ne abin da mai leƙowa yake fara gani. Sai dai kada a dogara da shi kaɗai, domin ba kowane nau'i ne yake da shi ba, kuma nan ne sanin nau'o'in yake da amfani.

A Arewacin Amurka akwai baƙaƙe guda uku. Latrodectus mactans tana kudu maso gabashin ƙasar Amurka, ita ce mai cikakken tambarin kalangu. Latrodectus hesperus tana yamma, daga Meziko har yammacin Kanada. Latrodectus variolus ta fi yawa a arewa maso gabas, kuma nata tambarin a rabe yake gida biyu, ga jerin jajayen ɗigo a gadon bayanta. A ƙasashen Bahar Rum zuwa Asiya ta Tsakiya akwai Latrodectus tredecimguttatus, ma'anar sunan mai ɗigo goma sha uku, saboda jajayen ɗigon da ke bayanta, ko da yake wasu manyan matan sukan rikiɗe su zama baƙi gaba ɗaya. A Kazakistan da maƙwabtanta ana kiranta karakurt, kuma makiyaya sun san ta da kashe raƙuma da dawakai. Masu girbi ne ta fi cizo, domin a gonaki da busasshiyar ciyawa take zama. Masana da dama suna ganin ita ce asalin wani ciwo da mutanen kudancin Italiya, wajen garin Taranto, suka daɗe suna ɗora wa wani babban gizo-gizo wanda dafinsa bai kai ya kawo ba.

Ostireliya tana da Latrodectus hasselti, mai jan zane a tsawon bayanta, wadda ta saba da zama kusa da mutane ƙwarai, har ta bi kayan jiragen ruwa ta isa Japan, inda aka fara ganinta a Osaka a 1995. 'Yar uwarta ta Niyu Zilan, katipo, a rairayin bakin teku take, kuma ta yi ƙaranci har doka ta ba ta kariya. A kudancin Afirka akwai baƙaƙe da dama, fitacciyarsu Latrodectus indistinctus ta gonakin alkama na yankin Kef a Afirka ta Kudu. Waɗannan ba su da tambarin kalangu a ƙasan ciki, sai jan zane ko ɗigo a ƙarshen baya, kuma dafinsu yana cikin masu tsanani. Wanda ya juya ɗaya daga cikinsu bai ga ja ba ya ce ba ita ba ce, ya yaudari kansa.

Sai kuma wadda ta fi kowacce yaɗuwa, Latrodectus geometricus, mai ruwan ƙasa. Ana kyautata zaton daga Afirka ta fito, amma yanzu tana kusan duk ƙasashe masu zafi. Launinta daga toka-toka zuwa ƙasa-ƙasa mai duhu, ƙafafunta da zobe-zobe, tambarinta ruwan lemo. Hanya mafi sauƙi ta gane ta ita ce jakar ƙwanta, wadda take da tsini-tsini kamar ƙarangiya, alhali ta baƙaƙen sumul take. Cizonta ya fi sauƙi. A wani nazari da likita Müller ya wallafa a Afirka ta Kudu a 1993 kan mutum 45, waɗanda mai ruwan ƙasa ta ciza galibi zafin bai wuce wurin cizon da kewayensa ba, waɗanda baƙar ta ciza kuwa su ne suka sha wuya a duk jiki. A kudancin ƙasar Amurka ma an lura cewa inda mai ruwan ƙasa ta shiga, baƙaƙen suna raguwa a kusa da gidaje.

Batun cinye miji da ya jawo mata sunan bazawara gaskiya ne, amma an zuzuta shi. A nau'in Ostireliya abin ya tabbata: namijin da kansa yake wuntsilawa ya ɗora cikinsa a bakin macen ana tsakiyar barbara, kuma binciken Maydianne Andrade na 1996 ya nuna ana cinye kusan biyu cikin uku, sannan wanda aka cinye ya fi samun 'ya'ya. A nau'in yammacin Amurka kuwa da wuya hakan ta faru a daji. Yawancin labarin ya samo asali ne daga kwalaben ɗakin bincike, inda namijin ba shi da hanyar gudu.

Abin da dafin yake yi

Dafin ba ya cin nama. Wannan shi ne abu na farko da ya kamata a riƙe. Idan aka ga gyambo yana faɗi, fata tana baƙi tana ruɓewa, to ba aikin baƙar bazawara ba ne. Ko dai wani gizo-gizo ne daban na zuriyar Loxosceles, ko kuma, wanda ya fi yawa, ƙwayoyin cuta ne suka shiga fata aka ɗora wa gizo-gizo laifi.

Nata dafin jijiyoyi yake nema. A cikinsa akwai sinadarai da dama, wasu na kashe ƙwari ne kawai, amma guda ɗaya, alfa-latirotoksin, shi ne yake kama mutum da dabbobi masu ƙashin baya. A ƙarshen kowace jijiya, inda take haɗuwa da tsoka, akwai 'yan jakunkuna cike da sinadarin da ke kai saƙo. A ka'ida jijiya tana sakin kaɗan, tsoka ta motsa, sannan ta saki jiki. Dafin yana manne wa bakin jijiyar, ƙwayoyinsa huɗu su haɗu su huda ƙofa a jikinta, kalsiyam ya kwararo ciki babu mai tsayar da shi, sai jakunkunan su zazzage abin da ke cikinsu gaba ɗaya. Tsoka ta samu umarnin ɗaurewa ba tare da umarnin saki ba. Haka ma jijiyoyin da ke kula da gumi, bugun zuciya da faɗin hanyoyin jini. Shi ya sa alamomin suke zuwa tare: murɗawar tsoka, gumi, hawan jini, bugun zuciya da sauri, tashin zuciya, amai, ciwon kai, da wani irin rashin natsuwa da ke hana mutum kwanciya wuri ɗaya.

Inda aka ciji mutum yana nuna inda ciwon zai fi tsananta. Cizo a ƙafa yakan tara ciwon a ciki da ƙugu da cinyoyi. Cizo a hannu yakan kai shi ƙirji da kafaɗa, har mutum ya ji numfashi yana yi masa nauyi, ya ɗauka ciwon zuciya ne. An sha kai masu wannan cizo ɗakin tiyata da zaton afendis ne. Abin da ke bambanta su a wajen likita shi ne, mai afendis yakan kwanta shiru don motsi yana ƙara masa ciwo, kuma akwai gurbi ɗaya da in an danna zai yi ƙara. Mai cizon bazawara kuwa juyi yake yi, cikin ya ƙame ko'ina, amma dannawa ba ta ƙara masa wani abu sosai. Akwai kuma alamar gumi, wadda a ganina ita ce mafi amfani ga wanda ba likita ba: gumi yana tsattsafowa a daidai kewayen cizon kaɗai, tsigar wurin ta tashi, ko kuma ƙafafu daga gwiwa zuwa ƙasa su jiƙe sharkaf alhali sauran jiki a bushe. Abubuwa kaɗan ne suke kawo irin wannan. A cizo mai tsanani fuska takan yi ja, fatar ido ta kumbura, muƙamuƙi ya ɗaure.

Yaro ƙarami ba zai iya bayani ba. Abin da za a gani shi ne kuka mai tsanani wanda rarrashi ba ya tsayarwa, gumi, ƙin abinci, jiki yana ƙamewa, wani lokaci gaban yaro namiji ya miƙe ya ƙi kwanciya. Yaron da yake wasa lafiya a waje, ya dawo da irin wannan kuka ba zazzaɓi, a duba jikinsa da tufafinsa da kyau.

Ciwon yakan kai ƙololuwa cikin sa'o'i kaɗan, ya ɗauki kwana 1 zuwa 3 kafin ya lafa, kasala da ɗan zogi kuma su iya jan makonni. An san wannan tsari dalla-dalla tun da daɗewa, har da gudummawar wani likita a Jami'ar Alabama, Allan Blair, wanda a 1933 ya bar macen ta ciji ƙaramin yatsansa na tsawon daƙiƙa 10 don a rubuta abin da zai biyo baya. Cikin sa'o'i biyu aka kai shi asibiti, ya yi kwanaki a kwance. Niyyarsa ta farko ita ce ya maimaita don a ga ko jiki yana sabawa da dafin, amma bai sake ba.

Duk da wannan azaba, mutuwa ba ta cika faruwa ba. A Amurka ana kai rahoton cizo wajen dubu biyu a shekara ga cibiyoyin kula da guba, kuma shekaru sukan wuce ba a samu wanda ya mutu ba. Da yawa daga cikin waɗanda aka ciza ma ba sa wuce zafin wurin. Dalili shi ne dafin yana da ƙarfi amma ɗan mitsitsi ne, kuma ba kowane cizo take zuba shi ba. Waɗanda ake ji wa tsoro su ne ƙananan yara, tsofaffi, masu hawan jini ko ciwon zuciya, da masu juna biyu, waɗanda murɗawar kan yi kama da naƙuda. An kuma samu 'yan lokuta, musamman da nau'in Bahar Rum, inda dafin ya taɓa tsokar zuciya ko a jikin matasa masu lafiya, don haka ciwon ƙirji bayan cizo ba abin jira ba ne. A dabbobi, kyanwa ce ta fi rauni, cizo ɗaya yana iya kashe ta.

Idan ta ciji mutum

A wanke wurin da ruwa da sabulu. A naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 10, a ɗauke minti 10, a maimaita. Kada a ɗora ƙanƙara kai tsaye a fata. A cire zobe ko agogo idan a hannu ne. Babba zai iya shan farasitamol miligiram 500 zuwa 1000, ba fiye da giram 4 a yini ba, yaro kuma gwargwadon nauyinsa. A rubuta lokacin da abin ya faru. Idan an ga gizo-gizon, a ɗauki hotonsa, ko a kife shi da kwalba. Ko an murƙushe shi, gawar tana da amfani ga mai dubawa.

Kada a ɗaure hannu ko ƙafa da igiya ko roba. Ɗaurin ba ya hana dafin tafiya, sai dai ya ƙara zafi ya kuma hana jini zagayawa. Ko a Ostireliya, inda ake koyar da naɗe gaɓa da bandeji don saran maciji, an hana yin haka ga cizon wannan gizo-gizo. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ƙona. Dafin ya riga ya shige, abin da tsagawa za ta ƙara kawai shi ne rauni da ƙwayoyin cuta a inda da babu.

Yaro, tsoho, mai juna biyu da mai ciwon zuciya, asibiti kai tsaye ko da alama ba ta fito ba. Sauran mutane kuma, da zarar ciwo ya bar wurin cizon ya nufi ciki, baya ko ƙirji, ko gumi da amai suka fara, ko numfashi ya yi wuya, a tafi, kuma wani ne zai tuƙa. Da an isa a faɗa wa likita cewa ana zargin cizon gizo-gizo, a ce ga inda aka sa hannu, ga lokacin. Wannan magana ɗaya tana iya hana a yi wa mutum tiyatar da ba ya buƙata.

A asibiti ana ba da magungunan kashe zafi masu ƙarfi irin su mofin ta jijiya, da masu sassauta tsoka irin su dayazefam, ana lura da hawan jini da zuciya, a kuma duba ko allurar rigakafin tetanus ta mutum tana kan lokaci. A da ana yawan yin allurar kalsiyam, amma an gano ba ta tsinana abin kirki, an bar ta. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ba shi da aiki a nan sai in wurin ya harbu daga baya.

Akwai makarin dafi, wanda ake samu daga jinin dawakan da aka saba musu da dafin. Kamfanin Merck ya fitar da na Amurka a 1936, Ostireliya ta samu nata a 1956, Afirka ta Kudu da Meziko ma suna yin nasu. Ana tsarma shi a ruwan ƙari a ba da shi a hankali, kuma likitoci da dama sun shaida ciwo yana sauka cikin sa'a guda, ko da an kwana da cizon. Matsalarsa ita ce jikin wasu yana ƙin furotin na doki, ya tayar da mummunan borin jini mai toshe numfashi, musamman ga masu asma, don haka ba a ba da shi sai inda akwai adirenalin, allurar da ke kwantar da irin wannan bori, a kusa. Bayan mako ɗaya zuwa biyu wasu kan yi zazzaɓi, ƙuraje da ciwon gaɓoɓi. Sannan wani babban gwaji da aka wallafa a Ostireliya a 2014, kan mutum 224, bai ga wani bambanci mai yawa ba tsakanin waɗanda aka ba makarin da waɗanda aka ba maganin zafi kawai. Wannan ya sa likitoci suka rabu a kansa. Abin da ya fi dacewa a fahimta shi ne makarin na masu tsanani ne, waɗanda maganin zafi ya kasa, kuma rashinsa a asibiti ba ya nufin ba za a warke ba.

Inda take da yadda ake kauce mata

Ba ta farautar mutum. Masu bincike a Jami'ar Loma Linda da ke Kalifoniya sun gwada wannan a 2014 da yatsun ƙirƙira masu taushi da aka yi da jelatin. Da aka zungure ta, sai ta gudu, ko ta dunƙule kamar matacciya, ko ta watsa zare mai danƙo. Sai da aka matse jikinta tsakanin yatsu biyu sannan cizo ya yawaita, kuma ko a nan sau da yawa ba ta zuba dafi ba. Kusan duk cizon da ake samu haka yake faruwa: an zura ƙafa a takalmin da take ciki, an sa safar hannu da ta kwana a rumfa, an rungumo itace, an kama ƙasan kujera. A farkon ƙarni na 20, yawancin waɗanda take cizo a Amurka maza ne, a masai na bayan gida, domin tana saƙa a ƙarƙashin ramin zama inda ƙudaje suke taruwa. Da aka koma bayi na cikin gida, irin wannan cizo ya ragu ƙwarai.

Saƙarta ba irin mai kyan zagaye ba ce. A hargitse take, kusa da ƙasa, a lungu mai duhu da bushewa, da wasu zaruruwa da suka sauko suka manne a ƙasa masu danƙo a gindi. Ƙwaro ya taɓa, zaren ya tsinke ya ɗaga shi sama. Zaren yana da ƙarfi fiye da na sauran gizo-gizon gida, in aka ja shi da sanda har ƙara ake ji yana tsinkewa. Wanda ya saba, da wannan kaɗai yake gane ta. Da rana tana ɓoye a rami a gefen saƙar, da dare take fitowa ta rataye a tsakiya, don haka mai neman ta ya fita da tocila bayan duhu ya yi. A duba tarin itace da bulo, tsofaffin tayoyi, akwatin mita, ƙasan kujerun waje, bakin tukwanen shuka, hannun kwandon shara da kayan wasan yara da suka daɗe a waje. Takan kuma bi kaya ta yi tafiya mai nisa, an sha samun ta a cikin nonon inabi da aka yi safararsa zuwa wata ƙasa.

A sa safar hannu mai kauri kafin a taɓa irin waɗannan wurare, a kakkaɓe takalmi da tufafin aiki kafin a sa, kuma kada a zura hannu inda ido bai gani ba. A ɗaga tarin itace daga ƙasa, a nisanta shi da bango. A toshe tsagogin bango da ƙasan ƙofa. Feshin maganin ƙwari a ƙasa bai cika yi mata komai ba, domin a saƙa take zaune, ba ta taka inda aka fesa, sai in an fesa a jikinta kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe uwar a bar jakar ƙwan. Jaka ɗaya ta baƙar tana ɗauke da ƙwai 200 zuwa 300, mace ɗaya tana yin jaka da yawa a rayuwarta, kuma saƙar jakar tana hana maganin feshi mai ruwa shiga. Cikin makonni kaɗan 'ya'yan za su fito, iska ta kwashe su a kan zare zuwa kowane lungu. A naɗe saƙar da doguwar sanda, a sauke jakar a murƙushe ta da takalmi, ko a zuƙe komai da injin shara a ɗaure jakarsa a fitar. A yi hattara a wannan lokaci, domin macen da ke gadin ƙwai ta fi saurin cizo. Zanzaro kuwa a ƙyale shi, wasu nau'insa da irin wannan gizo-gizo suke cika ɗakunan laka da suke gina wa 'ya'yansu. Bayan mako biyu a koma wurin da tocila, in an ga sabon zare, akwai wadda ta rage.